Mako Uku a Sarandib: Yadda Masu Jakar Goyo Ke Zagaya Sri Lanka

Da safe a tashar jirgin ƙasa ta Kandi, tun kafin jirgin Badulla ya iso, daga nesa ake gane su. Kowa da ƙatuwar jaka a gadon baya kamar mai goyon ɗan shekara biyar, ga wata ƙarama a ƙirji, ga gorar ruwa tana reto a gefe. Jamusawa ne da Turawan Ingila da na Faransa, da Rashawa da 'yan Ostireliya, tsaye cikin 'yan makaranta da tsofaffin mata masu fararen kaya. Jirgi na tsayawa kowa ya yi ta kansa, domin a taragon gama-gari kujera ta wanda ya riga ce. Su kuwa baƙin bakin ƙofa suke rububi. Ƙofofin jirgin a buɗe suke tafiya, mutum ya zauna ya saki ƙafafu waje yana kallon gonakin shayi suna wucewa.

Daga nan zuwa garin Ella kusan kilomita 160 ne, amma sai jirgin ya cinye wajen awa bakwai, shi ma in bai makara ba. Wato bai fi kilomita 25 yake yi a awa ba, gudun da ɗan acaɓa zai raina. Duk mai son zagaya Sri Lanka cikin 'yan makonni, da wannan lissafin zai fara.

Taswira mai ruɗi

Sri Lanka tsibiri ne a tekun Indiya, can ƙasan kudancin Indiya. Faɗinsa murabba'in kilomita 65,610, bai kai jihar Borno ba, kuma daga arewacinsa zuwa kudu wajen kilomita 430 ne, kamar daga Kano zuwa Abuja. Mutanensa wajen miliyan 22. Larabawan da suka yi fatauci a nan tun ƙarnuka masu yawa Sarandib suke ce masa. Turawan Ingila suka kira shi Silon, da sunan ya sami 'yancin kai a 1948, sai a 1972 ya koma Sri Lanka.

Baƙo kan dubi taswira ya ce kwana goma sun ishe shi. Sai ya sauka ya tarar tsakiyar tsibirin tsaunuka ne, hanyoyi sirara masu kwana-kwana, motar haya kuma ba ta wuce duk wanda ya ɗaga hannu. Shi ya sa waɗanda suka san wurin suke auna nisa da awa, su bar kilomita a takarda.

Sai batun ruwan sama. Damina biyu tsibirin yake da su. Daga Mayu zuwa Satumba iskar kudu maso yamma ce ke jiƙa gaɓar yamma da ta kudu da tsaunuka, lokacin nan gabas tana cikin rana. Daga wajen Oktoba zuwa farkon shekara sai abin ya juya, arewa da gabas su sha ruwa. Wanda ya zo tsakanin Disamba da Maris kudu yake nufa. Wanda ya zo a Yuli ya yi gabas, wajen Tirinkomali da Arugam. Ko yaushe aka zo akwai gefen da ke bushe, sai dai ba duka lokaci guda ba.

Galibi zagaye ɗaya suke yi. Su sauka a filin jirgin sama na Katunayake da ke arewa da Kolombo, su haura tsoffin birane, su gangaro Kandi, su ratsa tsaunuka, su faɗa gaɓar kudu, su dawo Kolombo ta bakin teku. Mako uku na ɗaukar wannan ba tare da an yi ta tsere ba. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun shawara, irin Najeriya, sai ya riƙe katin rigakafinsa. Zazzaɓin cizon sauro kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi daga ƙasar tun 2016, amma sauron da ke kawo zazzaɓin dengi yana nan, kuma da rana yake cizo.

Motar haya, keke da kottu

Abin da ya sa mai ƙaramin guzuri ke jin daɗin Sri Lanka shi ne sufuri. Jajayen bas-bas na gwamnati da masu ado na 'yan kasuwa suna shiga kusan kowane ƙauye, kuɗinsu kuma kaɗan. Direba yana tsula gudu, kiɗa na tashi, an jera hotunan Buda da fitilu masu walƙiya a saman gilashi, kwandasta ya maƙale a ƙofa yana kiran gari. A nan baƙi da yawa ke rikicewa: in ya ji ana ta "Nuwara, Nuwara", Kandi ake nufi, don sunanta a harshen Sinhala Maha Nuwara. Nuwara Eliya wani gari ne daban, can saman tsauni. Kujerun gaba na malaman addinin Buda ne, duk wanda ya zauna zai tashi in mai jar riga ya shigo.

A cikin gari kuwa Bahaushe ba zai ji baƙunta ba, domin adaidaita-sahu ce ke mulki, irin ta Bajaj ɗin nan da ya sani, su suna ce mata tuk-tuk. A Kolombo akwai masu mita, akwai kuma manhajar waya ta PickMe. A sauran wurare ciniki ake yi kafin a hau. Direban da ya yi tayin kai mutum yawo a kuɗi kaɗan, sau da yawa shagon duwatsu masu daraja ko lambun kayan yaji zai sauke shi, inda yake da kamasho.

Kwana, a gidajen iyali ake yi. Mai gida ya ware ɗaki biyu ko uku a bayan gidansa, da fanka da gidan sauro, uwargida ta dafa abinci. Shinkafa ce a tsakiya, a kewaye ta da ƙananan kwanuka huɗu ko biyar: miyar ɗan mitsitsin waken da suke kira parippu, kabewa ko gauta da aka dafa da madarar kwakwa, kifi, sai pol sambol, wato gurzajjiyar kwakwa da barkono da lemun tsami. Da hannun dama ake ci. Kuma in an ga allo an rubuta otel a bakin titi, yawanci gidan abinci ne, babu gado.

Da magariba wani sauti ke cika titunan. Kamar maƙeri ne ke aiki, amma mai kottu ne. Yana tsaye gaban faffaɗan ƙarfe mai zafi, ya zuba yankakkiyar gurasa mai laushi, ya watsa albasa da kabeji da karas, ya fasa ƙwai, ya kwarara romon kaza, sa'an nan ya ɗauki faifan ƙarfe biyu, ɗaya a kowane hannu, ya shiga sara yana juyawa. Kowane mai kottu da irin kiɗansa. Kafin minti biyar an tula wa mutum faranti yana tururi, yaji har cikin kunne. Irin waɗannan shaguna da dama na Musulmi ne, don haka mai neman halal ba ya shan wahala.

Musulmi sun kusa kashi goma cikin ɗari na mutanen ƙasar. Mabiya Buda wajen kashi 70 ne, Hindu wajen 13, Kirista wajen bakwai. A kasuwar Pettah ta Kolombo akwai Jan Masallaci, mai ratsin ja da fari, da aka gama a 1909. Duk ranar da wata ya cika kuwa hutu ne a ƙasar baki ɗaya. Poya suke kiranta, ba a sayar da giya, ba a sayar da nama.

Dutsen sarkin da ya kashe ubansa

Makon farko na tsoffin birane ne. A Anuradhapura akwai bishiyar da aka dasa tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, daga reshen da Sanghamitta, 'yar Sarki Ashoka na Indiya, ta kawo, har yau ana ba ta ruwa ana gadinta. A Polonnaruwa ana hayar keke a zagaya kufan fadar ƙarni na 12. A Dambulla kogo biyar ne cike da gumakan Buda sama da 150. Duk inda aka shiga a cire takalmi da hula, a rufe kafaɗa da gwiwa, kuma ba a juya wa gunki baya don ɗaukar hoto. Ba wasa ba ne: a 2014 an kori wata 'yar Birtaniya daga ƙasar saboda zanen Buda da ke dantsenta. Masu wayo kan riƙe safa a aljihu, don da rana dandamalin dutse yana ƙona tafin ƙafa.

Sigiriya ce kan gaba. Dutse ne guda, ya tashi sama kusan mita 200 daga tsakiyar daji. Sarki Kashyapa, wanda ya yi mulki daga 477 zuwa 495, ya kashe mahaifinsa Dhatusena ya ƙwace gadon sarauta, tsoron ɗan'uwansa Moggallana ya sa ya gina fada a ƙololuwa. Matakala wajen 1,200 ake hawa, a bi tsakanin manyan dagin zaki biyu na tubali, ana tafiya shiru saboda manyan ƙudan zuman da suka yi saƙa a jikin dutsen. A hanya akwai wani bango mai santsi da maziyartan fiye da shekara dubu da suka wuce suka yi wa rubuce-rubuce. Ashe yawon buɗe ido a nan ba yau aka fara ba.

Tikitin baƙo ya kai dala 30 ko fiye, ɗan ƙasa kuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba yake biya. Saboda haka masu jakar goyo da yawa dutsen Pidurangala da ke kusa suke hawa da asuba, inda kuɗin shiga bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba, daga can su hango Sigiriya gaba ɗayanta.

Wanda ya zo a Agusta ko Satumba zai ga giwaye ɗaruruwa sun taru a bakin tafkin Minneriya, wanda Sarki Mahasen ya haƙa a ƙarni na uku. Manoman yankin ba da idon sha'awa suke kallonsu ba. Giwa na cinye gonar shinkafa a dare ɗaya, tana rushe ɗaki. A 2023 kaɗai giwaye sama da 400 suka mutu a ƙasar, mutanen da giwa ta kashe kuma sun haura 150.

Inda shayin Lipton ya samo asali

Daga Kandi, inda aka ajiye abin da mabiya Buda suka yi imani haƙorinsa ne, sai jirgin nan mai tafiyar hawainiya. Turawan Ingila ne suka shimfiɗa layin don sauko da amfanin gona. Ya iso Kandi a 1867, bai kai Badulla ba sai 1924. Har yanzu da tsohon tsari yake aiki. A kowace tasha shugaban tasha, cikin fararen kaya tas, yana miƙa wa direba wani zobe mai ɗauke da ƙarfen shaida, wanda idan babu shi jirgi ba ya shiga zangon gaba. Masu talla suna ratsa tarago da kwando suna "wade, wade!", wani soyayyen abu ne ɗan'uwan ƙosai, a naɗe a tsohuwar takarda da soyayyen barkono. A Pattipola, tasha mafi tudu, an kusa mita 1,900 sama da teku, wanda ya taso da gumi yana lalube jaka neman rigar sanyi. Kusa da Ella akwai gada mai baka tara, ta dutse da tubali, babu ƙarfe a jikinta. Da damina zaftarewar ƙasa kan datse layin, sai a koma mota.

Duk koren da ake gani ta taga shayi ne, amma da gahawa aka fara. Wata cutar ganye da ta ɓulla a 1869 ta cinye gonakin gahawa. Shekara biyu kafin nan wani ɗan Sukotlan, James Taylor, ya dasa shayi a eka 19 a gonar Loolecondera, kuma shi ya zama mafita. A 1890 wani mai kantin kayan masarufi daga Gilasgo, Thomas Lipton, ya zo ya sayi gonaki, ya riƙa ƙulla shayin a ƙananan fakiti yana sayar wa talakawan Birtaniya da rahusa. Sunansa ne yau ke kan teburin kowane mai shayi daga Kano zuwa Damagaram, ko da yake kamfanin yanzu daga ƙasashe da yawa yake sayen ganye. Masana'antarsa ta Dambatenne, kusa da Haputale, tana aiki har yau. Ƙasar tana samar da kilo miliyan 250 zuwa 300 na shayi a shekara.

Matan da ake ɗauka hoto da buhu a baya suna tsinkar ganye Tamil ne, jikokin leburorin da Turawa suka kwaso daga kudancin Indiya a ƙarni na 19. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta bar su ba ƙasa, kuma sai a 2003 aka ba ragowarsu takardar ɗan ƙasa. Da yawansu har yanzu a dogayen barikoki na zamanin Turawa suke zaune, iyali guda ɗaki guda. Mace kan tsinko wajen kilo 18 kafin a rubuta mata cikakkiyar rana, kuma sai a 2021, bayan shekaru ana yajin aiki, ladan yini ya kai rupi 1,000. Wanda ya ratsa ta jirgi kawai ba ya ganin wannan. Sai wanda ya sauka a Haputale ko Hatton ya kwana biyu, ya bi hanyoyin gona da ƙafa.

Sawu ɗaya, addini uku

Daga Hatton ake zuwa dutsen da mutanen ƙasar ke kira Sri Pada, mai tsawon mita 2,243. A samansa akwai wani gurbi a jikin dutse mai siffar sawun ƙafa, tsawonsa ya kusa mita biyu. Mabiya Buda sun ce na Buda ne, 'yan Hindu sun ce na Shiba ne, a wajen Musulmi da yawa kuwa nan ne Annabi Adamu ya fara taka ƙasa bayan saukowarsa daga Aljanna.

Ibn Battuta ya hau shi a 1344. Ya ba da labarin sarƙoƙi goma da aka kafa a jikin dutsen don masu hawa su riƙe, ta ƙarshe ana kiranta sarƙar shahada, saboda duk wanda ya kai nan ya leƙa ƙasa sai kalmar shahada ta fito daga bakinsa. Shekara tara bayan haka, a 1353, matafiyin nan ya isa Takadda a yankin Agadas na yau, har ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin.

Yanzu matakala ce ta siminti da dutse, wajen 5,500, da fitilu tun daga ƙasa har sama a lokacin ziyara, daga Disamba zuwa Mayu. Wajen ƙarfe biyu na dare ake tashi daga ƙauyen Nallathanniya. Awa ta farko da hira ake yinta. Daga ta biyu sai numfashi. Matashin da ya zo da takalmin hawan dutse mai tsada zai tsaya yana haki, wata tsohuwa ba takalmi ta wuce shi, jikokinta biyu suna riƙe da hannayenta, suna rera addu'a. A gefen hanya akwai rumfunan shayi mai zafi da sukari kamar zuma. A sama sanyi na shiga ƙashi. Kowa ya kaɗa ƙararrawa gwargwadon yawan hawan da ya taɓa yi, baƙo ya buga ɗaya, wani dattijo ya yi ta bugawa har a daina ƙirga. Rana na ɓullowa sai inuwar dutsen ta faɗa kan hazo ta yamma, mai kusurwa uku cif kamar an zana da abin awo. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma kwana biyu mutum yana jin ta a sha-raɓa. Ranar Poya ko ƙarshen mako cunkoso kan sa a yi awoyi a tsaye wuri guda.

Gaɓar kudu da abin da aka tsallake

Makon ƙarshe na teku ne. Wasu su tsaya a gandun Yala neman damisa ko Udawalawe kallon giwa, sa'an nan Mirissa da Weligama, inda matasan gari ke koya wa baƙi hawa igiyar ruwa. Masuntan nan da ke zama kan sanda a cikin ruwa, waɗanda hotonsu ya cika littattafan talla, da yawansu yanzu kuɗin hoto suke jira fiye da kifi. A Galle akwai ganuwar da Turawan Fotugal suka fara, mutanen Holan suka ƙwace a 1640 suka faɗaɗa. Da yamma yara na wasan kurket a gindinta, ana jin kiran salla daga farin masallacin Meeran da ke fuskantar teku.

Ganuwar nan ce ta kare tsohon garin ranar 26 ga Disamba 2004, lokacin da igiyar tsunami ta kashe mutum sama da 30,000 a ƙasar. A Peraliya, kan layin da ke komawa Kolombo, ruwan ya kifar da jirgin ƙasa cike da fasinja, fiye da mutum 1,000 suka halaka.

Masu masaukin da baƙo ke kwana a gidajensu sun ga tashin hankali iri-iri tun daga nan. A 2018 baƙi miliyan 2.3 suka shigo. Ranar Ista ta 2019 hare-haren bam a coci-coci da otel-otel suka kashe sama da mutum 250. Korona ta biyo baya, a 2021 baƙin ba su kai 200,000 ba. A 2022 ƙasar ta kasa biyan bashin waje, aka yi ta kwana a layin mai, wuta na ɗaukewa har awa 13 a rana, hauhawar farashi ta kusa kashi 70 cikin ɗari. A Yulin shekarar masu zanga-zanga suka mamaye fadar shugaban ƙasa, Gotabaya Rajapaksa ya tsere. Sai a 2024 adadin baƙi ya sake haura miliyan biyu. Kuɗin mai jakar goyo ba yawa gare shi ba, amma hannu da hannu yake shiga wajen mai ɗaki da mai kottu da mai adaidaita.

Zagayen mako uku yakan bar arewa a gefe, kuma can ne yaƙin basasa na 1983 zuwa 2009, tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Tamil Tigers, ya fi yin ɓarna. Daga can 'yan tawayen suka kori Musulmi dubbai a Oktoban 1990. Jirgin ƙasa bai koma Jafna, babban garin arewa, ba sai 2014. Wanda ya rage kwana huɗu daga zaman bakin teku zai iya hawa shi daga Kolombo, tafiyar kusan kilomita 400. Kore yana raguwa, giginya tana maye gurbin kwakwa, gaisuwa ta tashi daga "ayubowan" ta koma "wanakkam". Masaukai kaɗan ne, Turawa ɗai-ɗai, gidajen da harsashi ya huda suna nan tsakanin sababbi. A tsakiyar garin akwai farin ginin ɗakin karatu da aka ƙona a 1981 da littattafai sama da 90,000 a ciki, har da rubuce-rubucen ganyen giginya da ba su da kwafi ko'ina. An sake gina shi, ɗalibai sun cika kujerunsa, kuma duk mai shiga a bakin ƙofa yake cire takalmi.